RA'AYINMU: A Koya Wa Mutane Riƙon Zaman Shawara

Da zarar an gama kaka an kai amfanin gona rumbu, sai lokacin taruka ya kama. Ƙungiyar ci gaban ƙauye za ta zauna, haka nan ƙungiyar gama kai ta manoma, da ta iyaye da malamai, da zumuntar mata, da kwamitin gini na majami'a. Duk wanda ya taɓa halartar irin waɗannan taruka ya san yadda suke tafiya. A kira taro ƙarfe goma, a fara sha biyu. Mutum sittin ne a ɗaki, amma biyar ne ke magana, su biyar ɗin kuwa su ne suka yi magana bara. Can wajen la'asar, bayan yunwa ta ci kowa, sai ciyaman ya miƙe ya ce, "Jama'a, an amince?" A amsa masa baki ɗaya, "Mun amince." Sakatare ya rubuta, a yi addu'a, a watse. Bayan wata uku ma'aji ya buɗe littafinsa, sai a tarar mutum goma sha ɗaya ne kaɗai suka biya kuɗin da aka yanka wa kowa.

Abin da akan ce a nan shi ne mutanenmu ba su da haɗin kai. Mu a wannan shafi ba mu yarda da haka ba. Mutanen da ke fita gayya su nome gonar gwauruwa a yini ɗaya, matan da ke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ci kuɗin kowa ba, ba za a ce ba su san haɗin kai ba. Gaskiyar magana ita ce, ainihin taron ba a cikin ɗakin aka yi shi ba. An yi shi ne a hanyar komawa gida, da bakin rijiya, da wurin mai shayi, inda kowa ya faɗi abin da bai faɗa ba a gaban ciyaman. Wancan "mun amince" ɗin ma'anarsa ita ce "mun gaji, a sallame mu." Abin da muka rasa shi ne mutumin da ya iya riƙe zama har maganar bakin rijiya ta fito a cikin ɗaki. Wannan kuwa sana'a ce, ana koyonta kamar yadda ake koyon riƙe littafin kuɗi ko ɗaurin karaya. Muna tura mutane kos su koyi wa'azi, su koyi lissafi, su koyi unguwarzoma, amma riƙon zama mun bar shi ga duk wanda ya fi kowa furfura ko ya fi kowa murya.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu tun da wuri. Ciyaman shugaba ne, yana da ra'ayi a kan abin da ake tattaunawa, sau da yawa ma shi ne ya kawo maganar. Jagoran zama kuwa aikinsa hanya ce, ba masauki ba. Ba ruwansa da ko rijiyar burtsatse za a haƙa ko ajin makaranta za a rufe da kwano. Abin da ke gabansa shi ne a ji daga bakin duk wanda abin ya shafa, a fahimci inda saɓani yake, a tashi da shawarar da mutane za su ɗauka da hannunsu su aikata. Idan mutum ɗaya ya haɗa ayyukan nan biyu, to alƙali ne ke shari'ar gonarsa.

Akwai inda aka ɗauki wannan al'amari da muhimmanci aka kuma ga amfaninsa. A ƙasar Kenya, cikin shekarun 1970, wasu mata biyu, Anne Hope 'yar Afirka ta Kudu da Sally Timmel 'yar Amurka, sun yi aiki tare da ikilisiyar Katolika ta ƙasar wajen kafa wani shirin horo da aka sani da suna DELTA. Tushen tunaninsu daga Paulo Freire ne, malamin yaƙi da jahilci ɗan ƙasar Birazil, wanda a 1963 ya jagoranci koya wa manya kusan 300 karatu cikin 'yan makonni a garin Angicos. Sojojin da suka ƙwace mulkin ƙasarsa a 1964 sun tsare shi, daga baya ya yi gudun hijira, ya kuma yi shekara goma, daga 1970 zuwa 1980, yana aiki a Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya a Janiba. Abin da Freire ya dage a kai shi ne babban mutum ba tulu ba ne da za a zo a ɗura masa ilmi. Yana da abin da ya sani game da rayuwarsa, kuma ba zai motsa ba sai a kan abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Abin da Hope da Timmel suka koya a Kenya shi ne suka tattara cikin littattafai uku masu suna Training for Transformation, waɗanda maɗaba'ar Mambo ta garin Gweru a Zimbabwe ta buga a 1984, har yau kuma ana amfani da su a ƙasashe da dama.

Yadda suka tsara horon shi ne ya fi jan hankalinmu. Ba mutum ɗaya ake turowa ba, ayari ake turowa daga wuri guda, domin wanda ya koma gida shi kaɗai da sabon abu dariya za a yi masa ya haƙura. Kuma ba a gama horon a zama ɗaya. A zo a yi 'yan kwanaki, a koma gida a gwada na wasu watanni, sa'an nan a dawo da labarin abin da ya yiwu da abin da ya ƙi.

Darasin farko kuwa shi ne saurare. Ba a ba mutum takardar tambayoyi ya bi gida gida da biro a hannu, domin da an ga biro amsa ta canza. Cewa ake yi ya je inda mutane ke hira da ma, kasuwa, wurin niƙa, gidan makoki, cikin motar haya, ya kasa kunne ya gane wace magana ce in an taɓo ta murya kan tashi, wace ce ke sa mutane fushi ko tsoro ko dariyar takaici. Wannan maganar ita ce za a kawo gaban taro. Amma ba da lacca ake kawo ta ba. A zana ta a hoto, ko a yi ɗan wasan kwaikwayo na minti uku wanda ya nuna matsalar bai nuna maganinta ba. Alal misali, mata biyu da bokiti a bakin famfon da ya lalace, ga wani ya wuce a kan babur ya kawar da kai. Daga nan jagoran zama ya fara tambaya, daki daki: me kuka gani, me ya sa hakan ta faru, ko irin wannan na faruwa a nan garin, me yake jawo mana, ina saiwar abin take. Sai a ƙarshe ne za a zo kan abin da za a yi. Hikimar abin ita ce mutane sun fi sakin jiki su yi maganar matan cikin wasa fiye da su kama sunan ɗan kwamitin da kuɗin gyaran famfo ya maƙale a hannunsa. Kafin a ankara an faɗi gaskiya ba a ci mutuncin kowa ba. Mu kuwa mun saba farawa daga tambayar ƙarshe, watau nawa kowa zai biya, alhali ba a ma yarda a kan mene ne ciwon ba.

To, me za a koya wa namu masu jagorancin? A ganinmu babban darasi a nan arewa shi ne sanin ma'anar shiru. Shiru a taronmu iri iri ne. Akwai na matar da surukinta ke zaune a benci na gaba, wadda ko gobara ta gani ba za ta ɗaga murya ba. Akwai na mutumin da ya ci bashin hatsi a watan Agusta wurin wanda ya kawo shawarar, ta yaya zai ɗaga hannu ya ƙi? Akwai na tsohon da Hausarsa ta ciniki ce kawai, tunaninsa kuwa da Tyap ko Jju ko Berom ko Ngas yake yinsa. Akwai kuma shirun da kan sauka a taron ƙarshen shekara, sa'ad da 'yan birni suka dawo gida hutu daga Kaduna da Abuja, suka juya taron zuwa Turanci, suka yanka kuɗin da a wurinsu na man mota ne, a wurin manomi kuwa buhun masara ne. Ciyaman da ba a horar ba duk waɗannan shirun amincewa yake lissafa su.

Maganin waɗannan ba tsada gare shi ba. A sauke teburin manya daga kan dandamali a zauna da'ira. Kafin a buɗe magana ga kowa da kowa, a ce mutane su juya uku uku su tattauna na minti biyar, domin wanda ya riga ya ji maganarsa ta fito daga bakinsa sau ɗaya ya fi samun ƙarfin maimaita ta. A bar mata su zauna nasu, matasa nasu, kowane rukuni da yaren da ya fi sakewa da shi, sa'an nan su aiko da wakili ya faɗi abin da rukuni ya gani, ba abin da wance ta ce ba. In an zo zaɓi tsakanin ayyuka uku, a ajiye ƙorai uku a bayan zana, a ba kowa ƙwayar masara biyar ya shiga shi kaɗai ya rarraba yadda ya ga dama. Masu aikin raya karkara da suka bi koyarwar Robert Chambers na Ingila sun daɗe suna amfani da tsaba da tsakuwa da taswirar da mutane suka zana a ƙasa da hannunsu, kuma abin da Chambers ya yi ta nanatawa shi ne jami'i ya miƙa sandar nuni ga mutanen gari, shi ya koma gefe ya zauna. Wanda bai iya karatu ba ya iya ƙirga masara.

Sai batun rinjaye. Mun ɗauko ɗaga hannu daga majalisun gwamnati muka ɗora wa kowane zama. Amma idan 31 suka rinjayi 29 a kan gina ɗakin shan magani, ranar buga bulo mutum 31 za a gani, in ma sun cika. Jagoran da ya ƙware ba ya gaggawar ƙirga hannu. Yakan tambayi waɗanda suka ƙi mene ne ainihin abin da suke tsoro, sau da yawa kuwa sai a tarar ba aikin suke ƙi ba, wanda zai riƙe kuɗin ne ba su amince da shi ba, ko lokacin biyan ne ya faɗo kafin a sayar da citta. Wannan gyara ne na minti goma. Haka kuma wajibi ne a gaya wa mutane tun farkon zama ko su ne za su yanke shawara, ko kuwa ra'ayinsu kawai ake nema wasu su yanke. Dukansu biyu halal ne. Abin da ke kashe zuciyar jama'a shi ne a zaunar da su awa huɗu a kan abin da aka riga aka gama a falon wani tun daren jiya. Kuma kada a tashi sai an karanta da ƙarfi wa zai yi me, yaushe, da kuɗin wa.

Mun san za a ce ai muna da namu tsarin tun kaka da kakanni, ga dattawa, ga fadar dagaci, me ya kai mu aron dabarar Kenya da Birazil. Akwai gaskiya a ciki. Dattijon kirki na da bai taɓa yanke magana bai ji kowane ɓangare ba, kuma shi ne ke magana daga ƙarshe, ba daga farko ba. Horon da muke nema a yi ba sabon abu yake kawowa ba sosai, yawancinsa wannan tsohon halin ne aka tsara shi yadda za a iya koya wa mai shekara talatin. Sai dai zamani ya sake. Garin da a da zuriya ɗaya ce, yau ƙabilu biyar ne da addini biyu da jam'iyyu uku, ga kuɗin tallafi na shigowa da takardu da wa'adi. Dattawa kuma ba abin da za su rasa. Mai gari da ya zauna ya ji komai ba tare da shi ne ke raba faɗa da ba da izinin magana ba, sa'an nan ya rufe taro da albarkarsa, girmansa ƙaruwa ya yi. Masu cewa wannan hanya tana cin lokaci kuwa, gaskiyarsu, tana ci. Sai su lissafa har da tarukan da akan sake kira sau uku a kan magana guda.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga abin da rashin jin ta bakin kowa ke jawowa. Shirin Fadama na farko, wanda aka gudanar daga 1993 zuwa 1999 da rancen Bankin Duniya, ya wadata manoman rani a jihohi irin su Kano da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da injinan ban ruwa da ƙananan rijiyoyi. Noman rani ya bunƙasa, ba mai musu. Amma fadama ba ta manomi kaɗai ba ce. A nan makiyayi ke kiwo da shayar da dabbobi in rani ya tsananta, a nan masunci ke kamun kifi. Da lambuna suka cinye bakin ruwa suka toshe burtali da mashaya, sai rikici ya ƙaru a wurare da dama. Dalili ke nan da aka zo Fadama ta biyu a 2004 aka sake tsari: aka ce masu amfani da fadama, manoma da makiyaya da masunta da mafarauta da mata da sauransu, kowa ya kafa ƙungiyarsa, ƙungiyoyin su haɗu su rubuta tsarin ci gaban yankinsu tare, aka kuma ɗauki ma'aikata aka horar da su musamman domin su riƙa jagorantar waɗannan zaman. Fadama ta uku, wadda aka amince da ita a 2008, ta kai wannan tsari jihohi 36 da Abuja. Watau gwamnati da Bankin Duniya da kansu sun gano cewa injin ban ruwa bai isa ba sai da mai riƙe zama. Abin tambaya shi ne, mutanen da aka kashe kuɗi aka horar, ina suke bayan shirin ya ƙare? Kowace ƙaramar hukuma ya kamata ta nemo nata ta san inda suke.

A nan kuma dole mu ja kunne, domin mun ga yadda abu mai kyau kan lalace. Akwai taron bita na otal, kwana uku, da jaka da biro da alawus, inda ake tura ƙanen ciyaman domin kuɗin mota. Ya dawo da takardar shaida da 'yan kalmomin Turanci, shi ke nan. Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari, watau jagoran da ya zo da amsa a aljihu. Ya iya zaunar da mutane da'ira, ya iya raba masara, amma duk tambayar da zai yi turawa take zuwa ga abin da ofishin da ya aiko shi ya riga ya sa a kasafi. Mutanen ƙauye ba wawaye ba ne. Da sun ga alamar motar sun san abin da ake rabawa, sai su ce shi ne babbar matsalarsu. Irin wannan zama gara na ciyaman mai tsawa, shi aƙalla bai yaudari kowa ba.

Kada kuma a ɗora wa jagoran zama kayan da ba nasa ba. A ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Sanga da Kachia da Kaura da Zangon Kataf da Jema'a sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, bayan doguwar tattaunawa da wata cibiyar sasanci ta Janiba ta shirya, wadda Alice Nderitu 'yar Kenya ta jagoranta. Zaunar da waɗannan mutane wuri guda har su yarda da rubutu ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a yankin. Wannan bai nuna zaman banza aka yi ba. Abin da ya nuna shi ne mai riƙe zama yana iya kai mutane ga alkawari, amma kama mai laifi da gurfanar da shi da tsare ƙauye da dare aikin hukuma ne, in ba ta yi ba kuwa takarda ba za ta yi mata ba.

Masu koyarwa ba sai an yi odarsu daga waje ba. Cibiyar sasanci da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna a 1995 ta horar da mutane masu yawa, haka nan ƙungiyoyin raya karkara na ikilisiyoyi da ke Jos, ga kuma tsofaffin ma'aikatan Fadama da muka ambata. Abin da ya rage shi ne a zaɓi waɗanda za a tura, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kada a duba takarda ko iya Turanci. A duba mutumin da in biyu sun yi faɗa dukansu ke zuwa wurinsa, wanda yake iya jin an faɗi abin da bai yarda da shi ba fuskarsa ba ta sake ba, wanda ba ya neman kujera a zaɓe mai zuwa. Sau da yawa irin wannan mace ce, ko malamin firamare, ko wani tela da ba a taɓa sa shi a kwamiti ba.

Saboda haka muna kira ga majalisun gundumomi, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, da sassan raya jama'a na ƙananan hukumomi, cewa in sun zauna kasafin shekara mai zuwa su ware wa wannan horo layinsa. Kowane gari ya turo mutum uku ko huɗu, da mace aƙalla ɗaya a cikinsu, inda garin ya haɗa Kirista da Musulmi kuwa a turo daga kowane ɓangare su koya tare. A yi shi zango huɗu a cikin shekara, a ajin makaranta lokacin hutu, kowane gari ya kawo mudun hatsinsa, ba alawus sai kuɗin mota. Garuruwa maƙwabta kuma su riƙa musayar masu jagoranci, ta yadda in maganar fili ce ko ta kuɗi, wanda zai riƙe zaman ya fito daga ƙetaren rafi, ba shi da gona a wurin, ba shi da suruki a cikin ɗakin. A zango na huɗu kowane ayari ya zo da littafin ma'ajin garinsu, a buɗe a ga mutum nawa suka biya abin da aka amince a kai.